Inda Gani Bai Kori Ji Ba

Duk wanda ya ɗauki alƙalami da niyyar yin rubutu da Hausa, to da harshe yake tinƙaho, ko da kuwa bai taɓa samun kwabo daga rubutun ba. Sai dai kalmar nan guda tana ɗauke da abu biyu. Akwai harshen da muke zubawa a takarda, akwai kuma tsokar nan da ke kwance a cikin baki, wadda ita ce ke haifar da na farkon. Na takarda mun san shi ciki da bai, mun sha yin musu a kansa a tarurrukanmu har a tashi baram-baram. Amma na cikin baki, in ban da lokacin da mutum ya tsaya gaban madubi ya zaro shi, babu ɗayanmu da ya taɓa ganin sa a bakin aiki. Da zarar an fara magana, leɓɓa da haƙora sun yi masa labule.

Mai karatu, ɗauki kalmar "bara" ka juya ta a bakinka. Sarki ya aiki baransa. Almajiri ya tafi bara. Bara an yi ruwa sosai. Haruffa huɗu ne ba su sauya ba, amma babu Bahaushen da zai faɗi ukun iri ɗaya. Ta ukun ta bambanta da sauran ta fuskar karin sauti da tsayin wasali. Biyun farko kuwa wasulansu ɗaya ne, karin sautinsu ɗaya ne, abin da ya raba su kawai shi ne "r" ɗin da ke tsakiya. Malaman ilimin furuci, irin su Farfesa M.A.Z. Sani, suna kiran ta bawan sarki ra-kaɗe, ta almajiri kuma ra-gare. Paul Newman ya yi rubutu musamman a kan waɗannan ra biyu a 1980, kuma a ƙamusunsa yakan ɗora wa ra-gare alama a ka. Amma a rubutunmu na yau da kullum harafi ɗaya muka ba su su raba. Kunne ya san biyu ne, alƙalami ya ce ɗaya ne, ido kuwa bai taɓa ba da shaida ba.

Wannan ne ya sa da wani ɗan'uwanmu a ƙungiya, wanda ke koyar da ilimin furuci a jami'a, ya nemi mu taya shi harhaɗa kayan bincike, mu kuma ba shi aron bakunanmu, ba mu yi wata-wata ba. Ya ce zai ɗauki hoton harshe yana motsi, ya kuma ɗauki muryar da motsin ya haifar a lokaci guda. Na'urar kuwa ba baƙuwa ba ce. Ita ce ta sikanin, wadda ake duba masu juna biyu da ita a asibiti, sai dai maimakon a goga kanta a ciki, a ƙarƙashin haɓa ake manna shi. Abin da muka koya a wajen kafa kayan nan shi muke so mu raba da 'yan'uwa marubuta, domin ya shafi sana'armu fiye da yadda muka zata.

Neman ganin harshe ba yau aka fara ba. A da, masana kan kwaɓa garin gawayi da mai su shafa wa mutum a harshe, ya furta kalma guda, sannan a sa madubi a duba inda baƙin ya taɓa a ganɗa. Wannan dabara tana nuna inda harshe ya sauka, amma ba ta nuna hanyar da ya bi. An kuma yi amfani da hoton ƙashi irin na asibiti mai motsi, wanda ke nuna komai sarai, sai dai haskensa yana da illa ga jiki in ya yi yawa, don haka ba a iya tsare lafiyayyen mutum a gabansa don kawai a ji yadda yake cewa "bara". Peter Ladefoged, wanda ya taɓa koyarwa a Ibadan, ya fitar da littafinsa kan furucin harsunan Afirka ta Yamma a 1964, kuma da irin waɗannan dabaru ya yi aiki. Ita na'urar sikanin, likita Ian Donald da abokan aikinsa na Gilasgo ne suka fito da amfaninta wajen duba ciki a 1958, sannan a shekarun 1980 masu binciken furuci a Amurka, cikinsu har da Maureen Stone, suka mayar da ita abin duba harshe. A nan maƙwabta ma, Fusheini Hudu na ƙasar Gana ya yi amfani da ita wajen nazarin yadda tushen harshe ke motsi a wasulan Dagbani.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa yin kuwwa a bakin rijiya ya ji muryarsa ta dawo. Kunnen ɗan'adam yana jin sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan guda. Kan na'urar yana aika sautin da ke kaɗawa sau miliyoyi a sakan, wanda ya fi ƙarfin kunne. Sautin yana ratsa tsoka da gudun kimanin mita 1,540 a sakan, har ya isa saman harshe, inda tsoka ta ƙare iska ta fara. A nan sai ya yi tsalle ya dawo. Na'urar tana auna lokacin da ya ɗauka, ta zana wurin a allo. Abin da ake gani shi ne farin layi mai lanƙwasa, kamar jinjirin wata a kife, tushen harshe a gefe guda, tsininsa a ɗaya gefen. Tun da iska ce ke mayar da sautin, to ko 'yar iska kaɗan ta shiga tsakanin kan na'urar da fata, hoto ya lalace. Shi ya sa ake lafta man nan mai santsi da sanyi. Masu gemu a cikinmu sun sha mai fiye da kowa, saboda gashi yana riƙe iska, kuma an sha dariya a kan haka.

Aikin farko da ya ci mana lokaci shi ne hana kan na'urar motsi. In mutum yana magana muƙamuƙinsa na hawa da sauka, kansa na gyaɗawa, musamman mu da muka saba karanta waƙa a gaban jama'a. In kan na'urar ya goce ko da kaɗan, sai hoton ya nuna kamar harshe ne ya motsa alhali ba shi ba ne. Maganin wannan shi ne wani kwalkwali da ake ɗaura wa mai magana, mai madauri a goshi da kumatu, da mariƙi a ƙarƙashin haɓa. Wanda aka fi sani kamfanin Articulate Instruments na Edinbara ne ke ƙera shi, na farkon na ƙarfe ne, daga baya aka yi na roba mai sauƙin nauyi. Dole kan na'urar ya zauna a tsakiyar haɓa daidai, ya kalli sama, ta yadda zai yanki harshe a tsaye daga gaba zuwa baya. Ana gane an dace in inuwa biyu baƙaƙe sun bayyana a gefunan hoton, ɗaya ta ƙashin muƙamuƙi a gaba, ɗaya ta wani ɗan ƙashi da ke saman maƙogwaro a baya, domin sautin ba ya ratsa ƙashi. Kwalkwalin ba abin jin daɗi ba ne, don haka ba a daɗe wa mutum da shi. Su kuma 'yan'uwanmu mata, mace 'yar'uwarsu ce ta koyi ɗaurin ta riƙa yi musu a kan ɗankwali.

Da an gama ɗauri, kafin a furta ko kalma ɗaya, sai a miƙa wa mutum kofin ruwa. Mun ɗauka karamci ne, ashe aiki ne. Ganɗa ba ta fitowa a hoton, saboda iskar da ke tsakaninta da harshe ta tare hanya. Amma in mutum ya guntsi ruwa ya haɗiye, harshe yakan manne da rufin baki, sautin ya samu ya ratsa, sai siffar hanƙa da ganɗa ta bayyana na ɗan lokaci, a zana ta a ajiye. In babu wannan zane, za ka ga harshe yana tashi amma ba ka san abin da yake nufa ya taɓa ba. Bayan haka sai a ba shi wani ɗan faifan roba ya ciza ya danna harshe a ƙarƙashinsa, don a sami miƙaƙƙen layi da za a daidaita hotunan mutane daban-daban a kansa, tun da haɓar kowa da irin ginin ta.

Sai maganar sauri, wadda a nan ne lissafi ya shigo. Na'urar ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya kamar kyamara. Layi-layi take aika sautin, kamar haƙoran mashaci, sai ɗaya ya je ya dawo sannan na gaba ya tashi. In an saita zurfin santimita 8, zuwa da dawowa santimita 16 ke nan, wato kimanin kashi 1 cikin 10,000 na sakan ga kowane layi. In layi 64 ne ke haɗa hoto guda, ba za a wuce hoto 150 ko kusa da haka a sakan ba. In aka ninka layukan zuwa 128 don hoto ya ƙara kyau, sai saurin ya ragu da rabi. Ba a samun biyu, wai an ce da kare ana biki a gidansu ya ce mu gani a ƙasa, dole mai bincike ya zaɓi abin da zai gani a ƙasan. Na'urorin asibiti da yawa kuma, in aka jawo hotonsu ta wayar bidiyo, hoto 25 ko 30 kawai suke bayarwa a sakan. A kan 30, tsakanin hoto da hoto akwai kashi 33 cikin 1,000 na sakan. Bugun da tsinin harshe ke yi a wajen furta "r" kuwa bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 ba. Ashe ke nan harshe yana iya zuwa ya buga ya dawo tsakanin hoto biyu, na'ura ta rantse ba ta ga komai ba. Saboda haka ɗan'uwan namu ya nace a kan ƙaramar na'ura mai shiga kwamfuta kai tsaye, aka rage kyan hoto aka ƙara sauri.

Bangaren murya mun ɗauka shi ne mai sauƙi, tun da kowa na da rikoda a wayarsa. Nan ma akwai ƙa'ida. Waya takan matse sauti ta yar da abin da take ganin ba shi da amfani, alhali wani lokaci abin da ta yar shi mai bincike ke nema. Don haka makirfo na musamman aka maƙala a jikin kwalkwalin, ɗan nesa da baki kuma ta gefe, don kada iskar "f" da "b" ta riƙa dukan sa, kuma tazararsa da baki ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Daga nan waya ta tafi wani ɗan akwati da ke mayar da sauti lambobi, sau 44,100 a kowane sakan, kamar yadda ake yi wa faifan CD. Ana saita ƙarfin shigar murya ta yadda ko mutum ya ɗaga murya ba za ta fashe ba.

Babban abokin gaba shi ne ɗakin kansa. Sai da muka sa abin sauraro a kunne muka gane irin hayaniyar da muke zaune a cikinta ba mu sani ba: fanka, firji a ɗakin maƙwabta, babura a titi, awaki, da amon bangon siminti da ke mayar da murya. Muka kashe fanka duk da zafi, muka rataya barguna da darduma a bango, muka shimfiɗa katifa a bakin taga. Ga kuma wani gurnani siriri da ya ƙi tafiya. Wutar lantarkin ƙasashenmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma wannan kaɗawa takan silalo ta cajar kwamfuta ta shiga cikin murya. Da aka zare caja aka bar kwamfutar a kan batir, sai gurnanin ya ɗauke ɗif. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, maƙwabta suka tayar da janareta, sai muka naɗe hannu muka jira. Daga baya muka gane cewa sassafe, kafin gari ya farka, ya fi kowane lokaci.

Amma duk wannan share fage ne. Ainihin aikin shi ne ɗaura aure tsakanin hoto da murya. Su biyun ta hanyoyi daban suke shiga kwamfuta, kowanne da agogonsa, kuma hoto yakan makara. In makarar ta kai ko da kashi 1 cikin 10 na sakan, sai ka ɗauki hoton wasali ka ce na baƙi ne, ka rubuta sakamako a kan ƙarya kana ganin ka kafa hujja. Dabarar ita ce, duk lokacin da na'urar ta kammala hoto guda sai ta fitar da ɗan bugun lantarki. Akwatin sauti yana da ƙofa biyu, murya ta shiga ta ɗaya, bugun ya shiga ta ɗayar, a naɗe su tare. Manhajar AAA, ta wancan kamfani na Edinbara, tana ƙirga bugun ta ajiye kowane hoto a daidai gurbinsa. Duk da haka ba a yarda da na'ura ido rufe. Sai a sa mutum ya ce "ka, ka, ka", a duba ko hoton da doron harshe ya saki hanɗa ya zo daidai da inda sautin ya fashe a zanen murya. Sai an ga sun haɗu sannan a fara aiki. Ita muryar daga baya akan yanka ta gaɓa-gaɓa da Praat, manhajar kyauta da Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Amstadam.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A ɗakin nan karin maganar bai yi aiki ba. Mun gwada kashe sauti muka kalli allo kawai, sai ga farin layi yana rawa kamar maciji a ruwa, babu wanda ya iya cewa ga kalmar da ake faɗa. Da aka kunna sauti, nan take rawar ta zama magana. Ji ne ya ba gani ma'ana, gani kuma ya bayyana wa ji dalilinsa.

Da aka zo tsara kalmomin da za a karanta, sai rubutunmu ya ba mu kunya a gaban na'ura. Ba a iya rubuta "bara" a allo a ce mutum ya karanta, domin zai tambaya, wace daga ciki? Dole aka saka kowace a cikin jimla, aka bar ma'ana ta ja bakinsa. Da aka jera hotunan, sai muka ga abin da malamai suka daɗe suna bayani da baki. A ta bawan sarki, gaban harshe yakan ɗaga ya ja baya tukuna, sannan ya kaɗo gaba ya shafi hanƙa ya wuce. A ta almajiri kuwa babu wannan ja da baya, harshe na nan gaba, bugu kawai yake kaiwa. Shi tsinin kansa wani lokaci inuwar muƙamuƙi takan ɓoye shi, sai dai a karanta labarinsa daga sashen da ke biye da shi. Auna wannan da ƙididdige shi aikin mai bincike ne, ba namu ba. Mu dai mun ga cewa abin da muke rubutawa da harafi ɗaya tafiya biyu ce mabambanta.

Ya kamata a faɗi iyakar na'urar, don kada wani ya ɗauka ta gama komai. Ba ta ganin leɓɓa. Ba ta kuma nuna abin da ke faruwa a maƙwallato, inda sirrin ɓ da ɗ da ƙ yake. Wannan sai da wata na'ura daban da ake ɗaurawa a wuya, irin wadda Geoffrey Lindsey da Katrina Hayward da Andrew Haruna suka yi amfani da ita a binciken da suka buga a Landan a 1992 kan waɗannan baƙaƙe na Hausa. Karin sauti kuwa, makirfo ne ke kama shi. Kowane kayan aiki yana kama wani abu ya saki wani, kuma alƙalami ma haka yake.

To, mene ne ribar marubuci a nan? Ba muna kira a ƙara sabon harafi ba ne, wannan magana ce ta hukumomin harshe da masana. Abin da muke cewa shi ne rubutun boko bai taɓa ɗaukar Hausa gaba ɗayanta ba. Ya bar karin sauti, ya bar tsayin wasali, ya haɗe ra biyu, ya dogara ga kunnen mai karatu ya cike giɓin. Ɗan abin da ya riƙe, wato ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ da aka shigo da su a shekarun 1930, shi ma ga shi muna zubar da shi a saƙonnin waya saboda gaggawa, har mutum ya rasa ko "kafa" ake nufi ko "ƙafa". Marubucin da ya manta da wannan yakan ɗauka takarda ce asali, baki kuma kwaikwayo. Shi ne za ka ga ya gyara wa Basakkwace "halshe" da "halbi" a cikin zancen labari ya mayar da su na Kano, sai tauraron nasa ya rasa garinsu. Shi ne kuma mai waƙar da ke ƙirga haruffa da ido, ya ga baituka sun daidaita, amma da an rera sai a ji ƙafa guda ta gurgunce, don doguwar gaɓa da gajera iri ɗaya suke a takarda.

Shawararmu ga masu tasowa ita ce su yi wa rubutunsu irin gwajin "ka, ka, ka" da aka yi wa na'ura. Kafin ka kai labari ko waƙa wurin edita, karanta shi da ƙarfi, ko ka ba wani ya karanta kana saurare. Duk inda ya yi tuntuɓe, ko ya ɗauki wata "bara" a madadin wadda kake nufi, to nan rubutu ya saɓa da murya, sai ka gyara jimlar ta yadda ma'ana za ta ja bakinsa. In kuma za ka ɗauki muryar wani dattijo ko tsohuwa mai tatsuniya, nemi izininsu, ka gaya musu inda muryar za ta je, kamar yadda aka yi mana kafin a ɗaura mana kwalkwali. Kashe fanka, matso da makirfo, rubuta ranar da garin da sunan karin harshen, ka kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Na'urar sikanin tana da tsada, ba kowa zai same ta ba, amma ɗaki marar hayaniya da kunne mai haƙuri suna hannun kowane ɗayanmu.

Muna fata wata rana a sami ma'ajiyar hotuna da muryoyin Hausa daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram da Zangon Kumasi, wadda 'ya'yan harshen za su tara da hannunsu, kuma ta zauna inda ɗalibanmu za su iya kai wa gare ta. Duk ɗan ƙungiyar da aka nemi aron bakinsa don irin wannan aiki, muna ba shi shawara ya amsa. Man yana da sanyi, kwalkwalin yana matse kumatu, amma ba a fi rabin awa ba an sallame ka.